Littafin Citta na Malam Dogara

Da Malam Dogara ya ajiye alli, bayan shekara talatin da ɗaya yana koyarwa a makarantun ƙasar Jaba, mutanen Nok sun ɗauka zai zauna ya huta, ya riƙa leƙa gonarsa ta citta, ranar Lahadi kuma ya gyara wa fasto Hausarsa a bakin coci. Ashe ba su gama saninsa ba. Mutumin da ya saba a yi tsit idan ya buɗe baki ba ya iya zaman gida haka kawai. Damina biyu ya kwashe a gindin mangwaron ƙofar gidansa yana cika takardu, ran nan sai ga shi ya sayar da awaki uku, ya hau mota zuwa Jos. Bayan wata guda ya dawo da kwali biyu na wani ɗan littafi mai koren bango, shafi sittin da huɗu, sunansa Noman Citta Daga Shuka Zuwa Buhu.

Ya raba wa dangi, ya raba wa dattawan coci, ya aika wa tsofaffin ɗalibansa. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya yaba bangon, ya ce Malam ya fitar da Nok kunya. Matsalar ita ce Malam bai daina zama malami ba. Idan ya haɗu da kai a hanyar gona sai ya tsayar da kai ya ce, "To, me na faɗa a babi na uku?" Nan za ka ga dattijo mai furfura yana sosa ƙeya. Cikin wata biyu ya gane babu wanda ya wuce hotonsa na bayan littafin. Har matarsa Emilia, da ya matsa mata, cewa ta yi, "Ni da na shekara talatin ina tsaga cittar nan da hannuna, sai kuma na zauna na karanta ta?"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ko da yake bai gaya wa kowa ba. Ba yabo yake nema ba, yabo ya sha shi har ya gundure shi. Mutum ɗaya tak yake so, wanda ba ɗan'uwansa ba, wanda ba ya jin kunyarsa, ya ɗauki littafin nan don kansa ya karanta. Wannan ne ya sa a watan Maris na 1991 ya ɗaure kwafi goma da igiya, ya hau babur zuwa Kwoi, daga nan ya shiga bas zuwa Kafanchan.

Shagon littattafan da ya nufa yana kan hanyar tashar jirgi, a matse tsakanin wani tela mai suna Hussaini da mai gyaran rediyo. Ɗaki ɗaya ne, idan mutum huɗu suka shiga sai na biyar ya jira a waje. Mai shagon, Oga Ejike, Ibo ne amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife shi, ya kuma yi shekara ashirin da takwas yana aikin sigina, wato shi ke ba jiragen ƙasa hanya don kada biyu su haɗu a layi ɗaya. Da ya yi ritaya ya buɗe shago, sai dai bai baro reluwe a tasha ba, da ita ya shigo. Ba ya jera littattafansa bisa darasi ko sunan marubuci. Yana jera su ne bisa jirgin da ya kawo su. Bangon dama na layin Gabas ne, duk abin da ya taso daga Inugu da Fatakwal. Bangon hagu na layin Kaduna ne, na tsakiya kuma na layin Jos. Don haka sai ka ga littafin lissafi na aji shida yana jingine da littafin waƙoƙin coci, a gefensu kuma wani ɗan ƙaramin littafi mai koya wa saurayi rubuta wasiƙa. Duk garin babu mai iya samun komai a shagon nan sai shi, shi kuwa ko idonsa a rufe zai miƙa hannu ya zaro.

Malam Dogara ya kwance igiya, ya jera littattafansa a kan kanta, ya ja baya kaɗan don a gani da kyau.

Oga Ejike ya ɗauki ɗaya, ya juya gaba da baya, ya shinshina, sannan ya ce, "Ticha, wane jirgi ya kawo wannan?"

"Ba jirgi ba ne. Ni na kawo shi da hannuna. A Jos aka buga, sai ka sa shi a bangon Jos."

"An buga a Jos, yes. Amma bai shiga jirgin Jos ba."

"To, mene ne bambancin?"

"Bambanci yana nan, Ticha. Idan na sa shi a layin Jos, gobe wani ya tambaya, kaina zai je ya nema a wagon, ba zai samu ba. Wannan kaya ya zo da ƙafa."

Kayan da suka zo da ƙafa kuwa wurinsu saman wani kabad ne kusa da ƙofa, tare da kalandun bara da wata taswirar duniya da ɓera ya ci kusurwarta. Malam ya so ya yi gardama, amma ya lura cewa duk mai shigowa sai ya wuce ta gaban kabad ɗin, sai ya haɗiye. Ya ce shi ba ciniki ya zo yi ba, littattafan ya bar wa shago kyauta, abin da yake so kawai su shiga hannun masu karatu. Matar mai shagon, Madam Augustina, wadda ke zaune a bayan kanta tana sayar da ambulan da biro da alli, ta ɗebo masa ruwa a kofi, ta ce Allah ya sa albarka.

Daga ranar, Alhamis ɗin farko ta kowane wata sai ka ga Malam Dogara a shagon, da hularsa da lemarsa da jakar fata ta zamanin hedimasta. Ba ya taɓa cewa littafinsa ya zo dubawa, Allah ya kiyaye. Alli yake zuwa saya, guda ɗaya, shi da ba shi da allo. Zai gaisa, ya tambayi lafiyar yara, ya yi ƙorafin hanya, ya zagi direban bas, ya ɗauki wani littafin Turanci ya buɗe kamar yana dubawa. A cikin wannan duka idonsa na can saman kabad, leɓensa na motsi a hankali. Afrilu goma. Mayu goma. Yuni ma goma, sai dai ƙura ta ƙaru. Ran nan ya karɓi allinsa bai ko zagi direba ba, ya fita kafaɗa a sanyaye, Madam Augustina ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

A watan Yuli leɓen Malam ya tsaya a tara. Ya sake ƙirgawa daga sama, ya ƙirga daga ƙasa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Tara dai.

"Madam," ya ce, yana ƙoƙarin daidaita muryarsa, "kamar na ga kayan saman nan sun ragu."

"Eh, Baba, ɗaya ya tafi," in ji ta, tana ta faman jera ambulan ba ta ɗago ba.

"Wane irin mutum ne?"

"Mutum dai. Dogo haka. Ya sa hula."

A Kafanchan dogo mai hula ai rabin gari ne, amma Malam bai ga wani gibi a wannan bayani ba. Ya sayi alli biyu, ya koma Nok bakinsa har kunne. A cikin bas ya gama ƙera mutumin a ransa: malamin gona ne daga wajen Zonkwa, mai natsuwa, yana karantawa yana gyaɗa kai.

Agusta takwas, Satumba bakwai. Kowane wata ɗaya, ba ƙari ba ragi, kuma hankalin Malam, wanda ya koyar da lissafi shekara da shekaru, bai taɓa tsayawa ya tambayi dalilin da ya sa masu karatunsa ke bin layi haka da ladabi ba. Abin da ya gani shi ne magana ta fara yaɗuwa. Tafiyarsa ta canza. Ya fara cewa "mu marubuta" a tsakiyar hira. A taron godiyar kaka ya tashi a coci ya ba da shaida cewa Ubangiji ya buɗe wa littafinsa ƙofa a birni, aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Ya sayi sabon littafin rubutu ya soma kashi na biyu. Kafin Kirsimeti saura huɗu a saman kabad.

To, a ƙarshen Disamba sai 'yar su Oga Ejike, Munachi, ta haihu a Inugu. A al'adar mutanensu uwa ce ke zuwa ta zauna da 'yarta wata uku, ta yi mata wankan jego, ta dafa mata abinci mai yaji, ta riƙe jariri. Madam Augustina ta ɗaure kayanta, ta cika jaka da busasshen kifi, ta bi jirgin Gabas. Tafiyarta ke da wuya kasuwar citta ta tsaya cak. Janairu huɗu, Fabrairu huɗu. Malam ya ɗora laifin a kan tsadar rayuwa, ya ce mutane sun kashe abin hannunsu a biki.

Alhamis ɗin farko ta Maris ya iso da hantsi, ya tarar an share shagon fes, an wanke taga, har taswirar duniya an manne mata kusurwa. Oga Ejike yana tsaye a tsakiya da tsumma a kafaɗa, yana haki yana murmushi.

"Ticha, welkom! Madam zai dawo sati mai zuwa. Na ce bari in yi kilin-of, kada ya zo ya ce na maida shago gidan kaji."

Malam ya yaba, ya tambayi lafiyar jariri, ya ɗauki littafin Turancinsa na kullum, ya ɗaga ido. Leɓensa ya wuce huɗu, ya ci gaba da tafiya. Ya tsaya, ya koma farko. Tun da yake bai taɓa jin littafi ya haihu ba.

"Oga Ejike, me ya faru a saman nan?"

"A, wannan! Ka ga aikin mata? Ina share ƙarƙashin kanta, sai na samu kwalin zaren Madam. Na buɗe, littafinka biyar a ciki, an rufe da zani. Ban san me ya kai su can ba. Kaya da ya zo da ƙafa, wurinsa saman kabad. Na maida su."

Ya faɗi haka da alfaharin mutumin da ya gyara kuskure. Sai da ya ga fuskar Malam sannan tsumman ya zame daga kafaɗarsa, shi ma abin ya faɗo masa.

Malam Dogara ya laluba benci ya zauna. Dogo mai hula, malamin gona na Zonkwa, duk waɗanda ya yi wata takwas yana hira da su a ransa, ashe suna nan kwance a kwalin zare. Ya tuna shaidar da ya bayar a coci da guɗar da aka yi masa, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Bai ji haushin Madam Augustina ba, ya san tausayi ne ya sa ta. Tausayin ne ma ya fi yi masa zafi. Shi da yara ke ɓuya idan sun hango lemarsa, yau shi ake lallaɓawa da dabara kada ya yi kuka.

"Ticha, sori," in ji Oga Ejike a hankali. "Madam bai yi da mugunta ba. Abeg, idan ya dawo kada ka nuna ka sani."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya jima yana kallon ƙasa, yana jin ƙarar keken Hussaini tela ta bayan bango, wadda ta yi ta raguwa har ta tsaya. Amma kan da ya saba da lissafi ba ya barin aiki don mai shi yana baƙin ciki. Can sai ya ɗago.

"Huɗu na bari a sama. Ka samu biyar a kwali."

"Haka ne."

"Goma na kawo."

Oga Ejike ya sunkuya ya ɗauki tsumma, ya shiga goge kantar da ya riga ya goge.

"Oga Ejike, ina na goman?"

"Ticha, ka sha ruwa tukuna."

"Ban zo shan ruwa ba. Ina na goman?"

Da ƙyar maganar ta fito, gutsure-gutsure. A watan Nuwamba, ranar da Madam ta je taron mata a coci, wata mata ta shigo sayen ambulan, ta ga koren littafi a saman kabad, ta ce a sauko mata da shi. Hajiya A'i ce, dillaliyar busasshiyar citta, wadda gidansu ke cikin kasuwar Kafanchan tun zamanin kakanta. Ta duba, ta saya, ta tafi. Shiru har watan jiya, sai ga ta ta dawo ranta a ɓace, tana tambayar inda za ta sami wanda ya rubuta. Sau uku tana zuwa.

"Kuma ba ka gaya mini ba?"

"Ticha, ba ka ga fuskan matan nan ba. Ya zo da wuta. Na ce a raina, wannan jirgi da wancan jirgi, idan sun shiga layi ɗaya, akwai asiden. So na gaya masa kana zuwa ran Monde. Kai kuma kana zuwa Tosde. Kowa ya wuce lafiya."

Malam ya dube shi. Wato mata tana ɓoye masa cewa babu mai saye, miji yana ɓoye masa cewa akwai, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Da wani aka yi wa, da ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Me ta ce na yi mata?"

"Bai faɗa ba. Ya ce sai ya ga idonka."

Gaban Malam ya faɗi, ba zai yi ƙarya ba. Bas ɗin Kwoi na tashi da azahar, idan ya ɗauki lemarsa yanzu zai samu wuri a gaba. Ya kai hannu ga lemar, ya riƙe ta, sannan ya jingine ta da bango.

"A ina rumfarta take?"

Bai buƙaci amsa ba. Hussaini tela, wanda kunnensa ya fi kekensa aiki, tuni ya bar rigar mutane a ƙarƙashin allura ya zaga kasuwa ya kai mata labari. Kafin Oga Ejike ya gama rantsuwa cewa bai san rumfar ba, ƙofar shagon ta yi duhu. Mace ce gajera kakkaura, ta haura hamsin, mayafinta a ɗaure a ƙugu, ƙamshin citta na biye da ita har sai da Oga Ejike ya yi atishawa.

"Salamu alaikum. Oga, ashe yau Litinin ce?"

Oga Ejike ya koma bayan kanta ya sami abin yi da ambulan.

Ta juya ga Malam, ta dube shi, ta zaro littafi daga jakarta ta duba hoton baya, ta sake dubansa. "Kai ne. A hoton ka fi ƙiba. Ina kwana, Malam, ya hanya, ya iyali?" Sai da ta gama gaisuwa tsaf, ba ta tsallake ko ɗaya ba, sannan ta ajiye littafin a kan kanta da ƙarfi.

Malam ya kalli abin da ta ajiye, da farko bai gane shi ba. Koren bangon ya koma ruwan ƙasa, ya kumbura, an naɗe kusurwar shafuka da yawa, ga tabon man ja a gefe, ga shatin gindin kofi a kan sunansa. An ɗinke bayansa da baƙin zare inda ya fara rabuwa.

"Shafi na hamsin da ɗaya," in ji Hajiya A'i. Ta lashi yatsa ta buɗe, ba ta ko nema ba, littafin da kansa ya buɗe a wurin. Ta karanta da ƙarfi, tana bin layi da farce: "Da zarar rana ta yi sanyi, a kwashe cittar daga kan dutse tun da ɗuminta, a zuba a buhu a ɗinke baki, kada raɓa ta taɓa ta." Ta ɗago. "Kai ka rubuta wannan?"

"Ni na rubuta, kuma haka ake yi. Haka ubana ya yi, haka nake yi shekara—"

"Tsaya, Malam. Idan ka ɗinke buhun, kwana nawa yake yi a gidanka?"

"Ba ya kwana da yawa. Ranar kasuwar Kwoi nake kai shi."

"Wato mako guda."

"Ko ƙasa da haka."

"Ka taɓa ajiye buhun citta wata biyu, ka buɗe ka gani?"

 Malam bai taɓa ba. Manomi ne shi, daga ranar da buhu ya hau mota labarinsa ya ƙare a wurinsa.

"To ni a wurina yake farawa," in ji ta, kamar ta ji abin da ke ransa. "Ni ke zama da shi a sito har manyan motoci su zo daga Kano. Citta mai ɗumi idan ka rufe ta a buhun leda na yanzu, gumi take yi. Ba ranar za ka gani ba, ba a mako ba. Mu tun kakanninmu baza ta ake yi a ɗaki ta huce, sai washegari a ɗura. Amma na ga an buga a littafi, ga hoton hedimasta da tabarau, na ce wataƙila mu ne ke wahalar banza. Na tara manoma uku da ke kawo mini kaya daga Fadan Kagoma, na karanta musu da bakina, na ce haka za su yi bana. Buhu bakwai, Malam. Na buɗe a watan jiya, duk sun yi fumfuna, fari fat. Yanzu idan na wuce sai su ce ga Hajiya mai littafi."

Oga Ejike ya leƙo daga bayan kanta, hannuwa a sama. "Hajiya, Ticha, abeg, sannu-sannu."

Babu wanda ya kula shi. Shekara talatin da ɗaya babu mahalukin da ya taɓa ce wa Malam Dogara ya yi kuskure a gaban jama'a, ga kuma Hussaini tela a bakin ƙofa yana riƙe da almakashi don kada a ce kallo ya zo.  Sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa, Malam ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa.

"To, tunda kin ce kin karanta, me na faɗa a kan iri?"

"Ka ce tafin giwa ta fi cika buhu, yatsun biri ta fi yaji. Wannan gaskiya ne. Amma ka manta ka ce masu sayen na waje yajin suke bi."

"Rufe kunya da ganye fa?"

"Babi na uku. Ka ce a rufe da kauri ranar da aka shuka, kada a jira kwana uku. Nan kam ka burge ni, na gaya wa mutanena, wanda ya bi ya ga bambanci. Sai dai ka cika surutu a wurin, shafi biyu kana ba da labarin kawunka."

Yatsan Malam ya sauka a hankali. Tambayar da ya yi wa rabin Nok suna sosa ƙeya, ga amsarta ta fito daga bakin matar da ta zo wanke shi tas. Ya rasa abin da ke damunsa, ana yi masa faɗa amma ƙirjinsa sai buɗewa yake yi.

"Ni ba ramuwa na zo nema ba," in ji Hajiya A'i. "Abin da ya lalace ya lalace. Amma ga sauran can a sama, wani zai saya ya faɗa ramin da na faɗa. Gyarawa za ka yi ko kuwa?"

Malam ya miƙe, ya sauko da taran nan gaba ɗaya, masu tsabta, babu wanda aka taɓa buɗewa. Ya jera su a kan kanta kusa da nata. Ya ce Oga Ejike ya ba shi jan biro. Ya buɗe na farko a shafi na hamsin da ɗaya, ya ja layi a kan maganarsa, irin layin da ya sha ja a kan aikin yara.

"Faɗi yadda ya kamata, Hajiya. A hankali, hannuna ba kamar da ba."

Ta ja benci ta zauna, ta faɗa, ya rubuta a gefen shafi. Ta ce ya cire "wataƙila", babu wataƙila a ciki. Ya cire. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Aka kira azahar a masallacin kasuwa, bas ɗin Kwoi ya cika ya tashi, Malam bai ɗaga kai ba. Yana kan na shida ne ya tsaya, biro a hannu, ya yi tambayar da ke ransa tun shigowarta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, har ƙarshe kika karanta?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Sau biyu. Na ukun ina tsakiya, ina neman inda ka sake yin ɓarna. Na ma samu wasu wurare biyu."

Malam Dogara ya sunkuyar da kai a kan littafin, ya daɗe a haka. Daɗi ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya ɗauko kwalayensa daga Jos, har idonsa ya kawo ruwa, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Hajiya A'i ta gani, ta ɗauka faɗanta ne ya yi yawa, jikinta ya yi sanyi.

"Haba, Malam, ai ban ce duka littafin banza ne ba."

Ya mayar da tabarau, ya jawo kumburarren littafinta gabansa, ya gyara riƙon biro.

"Ci gaba, Hajiya. Shafi na nawa?"